Fitilar da Aka Shafa wa Bula

Famfon gidan Malam Habu tela da ke unguwar Briqueterie ya yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba, in an murɗa shi sai ya yi tari ya koma ya yi shiru. 'Yarsa Zuhura na tsugune a tsakar gida tana tace ruwan rijiya da ɗankwali, mahaifiyarta Inna Larai na kan tabarma tana yi mata tsiya, wai duk bokon da ta yi har ta zama mai auna ruwa a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ga shi yau a ɗankwali ta ƙare. Zuhura ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Shekarun nan ne da kowa a Yaoundé ke kira la crise: an zabge albashi, an karya darajar kuɗin sefa, kamfanoni na ta sallamar ma'aikata. Ita ma da ita aka haɗa.

Sallamar Nu'man ce ta katse musu hirar. Shi ne wanda aka sa musu rana da Zuhura, bayan babbar salla. Saurayi ne mai fara'a da daɗin baki, irin wanda ba ya iya cewa a'a ko da za a ɗora masa dutse a ka. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, ya tashi a hannun mahaifiyarsa Dada Safiyatu da ƙanen mahaifinsa, Baffa Hamadu, dillalin kayan gwanjo da ake kawowa daga Douala.

Da suka keɓe a zaure ya faɗa mata abin da ya hana shi barci. Rijiyar gidansu ba ta ƙafewa ko da rani, ga unguwa na neman ruwa ido rufe. Zai sayar da filin da ya gada, ya kafa injin tace ruwa, su riƙa ɗurawa a gora suna sayarwa. Har suna ya zaɓa, kuma da ya faɗe shi sai da ta sunkuyar da kai don kunya: Ruwan Zuhura.

Ta yi murna ƙwarai, amma ba ta bari murna ta rufe mata ido ba. Ta san rijiyar, tana gangaren layin mahauta, ga masai kusa da katanga. Ta ɗebi ruwan ta kai wa wata tsohuwar abokiyar aikinta aka auna, sakamako ya nuna fari ne ƙal a ido amma cike yake da ƙwayoyin cuta. Ta zaunar da Nu'man ta yi masa bayani dalla-dalla: matatar yashi na tsare laka, ta gawayi na ɗauke wari, amma abin da ido ba ya gani sai wata fitila ta musamman da ke cikin bututun ƙarfe, ruwa ya bi ta jikinta haskenta ya kashe cutar. Suka zaga shaguna daga kasuwar Mokolo har unguwar Elig-Edzoa, sai da suka sami inji mai duka ukun.

"Ka ga sunana zai hau gorar nan," ta ce masa a hanya. "Kome za ka rage ka rage, ban da fitilar."

"Alkawari ne, ma chérie. In babu fitila, babu kamfani."

To, ashe akwai inji a ɗakin ajiyar Baffa Hamadu, ya daɗe yana neman mai saye. Babba ne, sai sheƙi yake yi, yashi da gawayinsa cif, har da bututun, sai dai fitilar ta mutu tun a ƙasar da aka kwaso shi, kuma irinta ba a samu a gari. Da Baffa ya ji ɗan ɗan'uwansa na shirin kai ciniki waje, ya kira shi ya wanke shi tas. Ya tambaye shi tun yaushe aka fara tsallake uba a tafi shagon bare. Da Nu'man ya kawo zancen fitila cikin in-ina, Baffa ya sa aka tace ruwa a injinsa, ya ɗaga kofi ya haska a rana, ya sansana, ya kurɓa. Ya ce abin da ya karanta tun yana yaro shi ne ruwa in launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su jirkita ba, mai tsarki ne, har alwala a yi da shi a tsaya gaban Ubangiji. Wace 'yar boko ce za ta zo da sharaɗi na huɗu?

Baffa bai yi ƙarya a kan alwala ba. Kuskurensa shi ne ya ɗauka duk ruwan da ya halatta a wanke gaɓɓai da shi, ya isa a ɗura wa jariri a ciki. Nu'man ya san bambancin sarai, don an karantar da shi. Amma Baffa ne waliyyinsa, shi zai je ya karɓo masa auren, don haka ya ce to.

Da ya tsaya a nan ya je ya faɗa mata gaskiya, da labarin ya zo da sauƙi. Bai je ba. Ya ce mata an sami irin injin da suka gani a hannun Baffa, komai da komai. Ranar da ta zo dubawa ya nuna mata wata 'yar taga a jikin bututun, shuɗin haske na fitowa. Zuhura mai bin diddigin komai, ranar ba ta bi ba. Ta dubi hasken, ta dubi fuskar masoyinta, ta yarda. Har ta bi gidajen maƙwabta tana gaya wa masu goyo su kwantar da hankalinsu, wannan ruwan ko ba a tafasa ba a bai wa yaro, ita ta tsaya masa.

Wani hantsi, ana gab da fara sayarwa, ta je gaida Dada Safiyatu da ke fama da hawan jini. Nu'man ya shigo da gorar gwaji yana nuna musu takardar da aka manna mai sunan Zuhura. Dada ta sa albarka, ta watsa ƙwayar maganinta a baki, ta miƙa hannu ta ɗauki gorar za ta kora. Kafin ta kai baki Nu'man ya fizge ta, har ruwan ya fantsama a zaninta. Ya ce wai bai yi sanyi ba, ya ruga ya ɗebo mata tafasasshe a tulu.

Nan take Zuhura ta zargi wani abu. Ta miƙe ta nufi ɗakin inji. Ta kashe wuta, ta kwance murfin bututun da hannunta. Babu wata fitilar kashe cuta a ciki. Ƙaramin ƙwan lantarki ne irin na shago aka ɗaure da waya a bayan tagar. Ta shafa shi da yatsa, yatsan ya fito shuɗi. Bula ce, wadda mata ke sa wa fararen kaya in sun yi wanki.

Tana juyowa ta gan shi tsaye a bakin ƙofa. Ta ɗaga masa yatsan, hawaye na zuba. Nan ya shiga rantse-rantse, wai na ɗan lokaci ne, da an ɗaura aure zai nemo ta gaskiya, wai Baffa ne ya matsa masa.

"Baffa ne ya shafa bular?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba:

"Ka hana mahaifiyarka sha, Nu'man. 'Ya'yan da na ce wa iyayensu kada su tafasa fa — su ba su da uwa? Kuma da sunana?"

Ta ce masa ya cire sunanta. Ba za ta tona masa asiri ba, amma ranar da gora ɗaya ta fita daga gidan nan, ranar za ta bi gida-gida ta janye maganarta. Ta fita tana kuka, ko sallama ba ta iya yi wa Dada ba.

Abin da ya biyo baya ya fi bular ciwo. Baffa ya tambayi dalilin da ya sa ake ɓare takardu daga jikin gora, Nu'man ya kasa faɗin gaskiya, ya ce yarinyar ce ta ce injin bai yi mata ba. Baffa ya hau sama. Ya aika gidan Malam Habu cewa an ɗage biki sai abin da hali ya yi, ba za a kawo musu wadda ta raina su tun tana waje ba. Magana ta bazu a unguwa, daga layin teloli har na masu soya: boko ya lalata Zuhura, ta ga yaro ba shi da ƙarfi ta fara neman hanyar zillewa. Nu'man na ji, bai buɗe baki ya kare ta ko sau ɗaya ba. Inna Larai ta yi faɗa, ta yi lallashi, Malam Habu ya daina amsa mata gaisuwa da sakin fuska, amma Zuhura ba ta faɗi dalilin ba. Ta rame, ta yi duhu. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu tana son sa. Ba ta san shi ma can yana ta ƙirƙiro dalilai don kada ruwan ya fita ba, yau a ce marufi, gobe a ce wuta.

Baffa ya gaji da jira. Ya yanke cewa ranar Juma'a za a yi addu'a a gida, a raba kashin farko sadaka a ƙofar masallaci kamar yadda ake buɗe kowace sana'a. Da Zuhura ta ji, ta yafa mayafi za ta fara bin gidaje, sai ta yi kiciɓis da Dada Safiyatu a zaure, ta tako da sandarta duk da ciwon. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce ta zo ne ta ji daga bakinta.

"Dada, ki gafarce ni, ba zan iya kai ƙarar ɗanki wurinki ba. Ki dai tambaye shi abin da ya sa ya fizge gorar nan."

Dada ta daɗe tana kallon ta. Ta ce ita ma abin ya tsaya mata a rai, don a saninta ba a fizge wa uwa ruwa saboda bai yi sanyi ba. Ta roƙe ta ta dakata zuwa safiyar Juma'a.

Da safiyar aka jera gorori a tsakar gida, dattawan dangi suka zauna, Malam Habu ma an gayyace shi don kunya. Ana shafa fatiha Dada ta fito daga ɗaki, ta ɗauki gora ɗaya ta buɗe. Ta ce kafin a bai wa bayin Allah, ita za ta fara, kuma daga yau ta daina shan na tulu, wannan za ta riƙa kora magani da shi safe da yamma. Ta ɗaga gorar tana kallon ɗanta ido cikin ido.

"Dada, kar ki sha!"

Ya zube a gabanta ya riƙe ƙafafunta yana kuka kamar ƙaramin yaro. A gaban kowa ya faɗi komai, da matacciyar fitila, da bular, da shirun da ya yi ana cin mutuncin Zuhura. Baffa Hamadu ya tashi ya shiga ɗakin inji, ya fito da ƙwan a tafin hannunsa. Mutum ne mai taurin kai, amma ba macuci ba ne.

"Ni na ce fitila ba ta da amfani," ya ce. "Ban ce a yi ta ƙarya ba. In ka yarda da maganata, me ya hana ka bai wa uwarka? In kuma da maganar yarinyar ka yarda, da wane ido za ka miƙa wa masallata?"

A kwata aka tuttular da ruwan gaba ɗaya. Da la'asar Baffa da kansa ya taka gidan Malam Habu ya ba da haƙuri, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Malam Habu ya kira 'yarsa ya sa mata albarka. Kowa ya zaci za ta yi tsalle ta ce a mayar da rana. Ba ta ce ba. Ta ce ta yafe, amma yarda ba ta dawowa da baki, a fara gyara ruwan tukuna.

Babbar salla ta zo ta wuce, ranar da aka sa ma ta wuce ba biki. Nu'man ya sayar da babur ɗinsa, ya koma dakon kaya a Mokolo don tara kuɗin fitila, Baffa ya sa abokan cinikinsa na Douala cigiya har aka samo fitilar gaske. Zuhura ce ta tsaya aka ɗaura ta, ta kai ruwan labo aka auna ya fito lafiya lau. Ranar ta tara kofi a bakin famfon injin ta cika, ta durƙusa ta miƙa wa Dada Safiyatu. Ba Dada take kallo ba, hannuwan Nu'man take kallo. Tsohuwar ta shanye tas ta yi hamdala, hannuwansa na nan a kan gwiwarsa ba su motsa ba.

"Yanzu ka iya mayar da sunana," Zuhura ta ce a hankali.

Bayan sati biyu aka ɗaura aure, kuma da ruwan aka shayar da 'yan biki. Haƙurin Zuhura bai zama na mai shiru a kan ɓarna ba; ta rufa asirin masoyinta, amma ba ta yarda a cuci kowa da sunanta ba, Allah kuwa ya wanke ta a gaban waɗanda suka zarge ta. Samari kuma su ɗauki darasi daga Nu'man: girmama manya wajibi ne, amma ba a biyan sa da yaudarar wadda ta amince da kai. Duk abin da hannunka zai fizge daga bakin mahaifiyarka, kada hannun nan ya miƙa shi ga ɗan wani.