Kan Jirgin Alhaji Sajo

Alhaji Sajo ya shiga ofishin 'yan sanda na Gwarzo ranar Juma'a bayan la'asar, ya ce an sace masa jirgin ƙasa.

Kofur ɗin da ke kan kanta ya yi dariya. Sufeto Hadi bai yi ba. Ya san tsohon. Direban reluwe ne tun zamanin jirgin kwal. Lokacin tsuke bakin aljihu aka sallame shi, ya dawo gida da wani akwati da injiniya Bature ya bar masa. Ba komai a ciki sai gutsattsarin tagulla da zanen yadda ake haɗa su. Shekaru ya yi yana gogawa, yana lanƙwasawa, yana liƙawa da dalma, har ƙaramin jirgi ya fito da ƙafafunsa da bututun hayaƙinsa, tsawonsa bai fi kamu ba.

"Wa kake zargi, Baba?"

"Wannan aikinka ne. Ni dai in an kama shi, kotun Shari'a nake so. Kada ka kai min shi majistare."

Sufeto ya ajiye biro. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Ko'ina a gari zancen ɗaya ne, wane ɓarawo za a fara yanke wa hannu.

"Abin ado ne fa, Baba."

"Ganina ya ƙare a kansa. Tashi mu je."

Ɗakin da yake ajiye jirgin yana jikin zauren gidansa. Ba a fasa kwaɗo ba. Sajo ya ce makullin yana zama a saman ƙofa, kuma shi kaɗai ya san wurin.

A kan tebur akwai ɗan layin dogo da aka kafe a jikin katako. Kan jirgin babu. Amma taragon kwal, wanda ke manne a bayansa, yana nan yana ƙyalli.

"Wannan ma tagulla ce?"

"Tagulla ce."

"To me ya hana ɓarawo ya haɗa da shi?"

"In ka kama shi ka tambaye shi."

Sufeto ya sunkuya. Ba a fizge kan jirgin ba. An zare ƙusar da ke haɗa shi da tarago, an ajiye ta a gefen katako. Ya ɗauke ta, ya kai ta bakin taga. Akwai jan goro da ya bushe a jikinta. A baki aka riƙe ta.

"Kana cin goro, Baba?"

Sajo ya buɗe baki ya nuna masa dasashi. "Da me?"

A ƙarƙashin tebur tsinkayen ashana ne birjik. Ba a ƙyasta ko ɗaya ba. Kowanne an murƙushe shi a tsakiya.

"Waɗannan fa?"

"Shara ce," in ji Sajo. Ya sa ƙafa ya tura su lungu.

Matar gidan, Marka, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce tun da Alhaji ya tafi masallacin Juma'a ba wanda ya shigo. Ta ce barci take yi.

"Inna, wa ya ɗora tukunyar da na ji tana ƙauri?"

Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, da gaske hannu ake yankewa?"

"In an cika sharuɗɗa."

"Ko an dawo da abin?"

"Kafin magana ta je gaban alƙali, mai kaya yana iya yafewa. In ta je, shi ke nan."

Labulen ya motsa.

Maƙwabta sun ce sun ga baron Lukuman ɗan gwangwan a ƙofar gidan da rana. Kafin magariba kofur ya kawo shi ofis. Mutum ne ramamme, mai yawan rantsuwa.

"Wallahi ina masallaci, yallaɓai. Sahun gaba."

"Me liman ya yi huɗuba a kai?"

"Tsoron Allah."

"A kan tauye mudu ya yi. Ni ina sahun gaban."

Lukuman ya share gumi. Ya roƙa kada a gaya wa 'yan Hisba. Ya ce lokacin Juma'a ne yake zagayawa, matan gida su miƙo masa tsofaffin kwanuka. Ya amsa cewa ya taɓa taya jirgin, Alhaji ya kore shi da sanda.

"Yallaɓai, da ni ne ai ba zan bar tarago ba. Mu awo muke yi. Ina ruwana da kai ko wutsiya."

"Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba."

Sufeto ya zaro tsinken ashana ɗaya daga aljihu, ya ajiye a gabansa. Lukuman ya dube shi, ya kawar da kai.

"Ka san wannan."

"Duk unguwa an sani. Tun da aka gama jirgin, in Alhaji ya yi baƙi sai ya nuna musu. Ya sa tsinke tsakanin kan jirgi da tarago, ya turo kan da baya, ƙaras. Sai ya ce, ga yadda Hammadu ya yi da hannunsa. A yi ta dariya."

"Wane ne Hammadu?"

"Wan Inna Marka. Shi ke zuba masa kwal a jirgi, da can. A wurin aikin hannunsa na hagu ya tafi. A Kabo yake zaune. Duk ranar kasuwa yakan zo ya riƙe wa Alhaji ƙarfe da filaya, shi kuma yana liƙawa. Abin da ya fi ƙarfin hannu ɗaya, ya sa baki."

"Yana wurin ake dariyar?"

"A kan tabarma. Wani lokaci shi ake cewa ya miƙo ashanar."

"Ka gan shi yau?"

Lukuman ya ce, "Na ga wani dattijo ya fito da ƙunshi a cikin zanin mata, ya rataya a kafaɗa. Ban kalli fuskarsa ba. Ban so in kalla ba."

Washegari da hantsi Sufeto ya ɗauki kofur a babur suka nufi Kabo. Ya so a ce Lukuman ne.

Sun sami Hammadu a ƙofar gida yana tufka igiya. Ya danne bakinta da ƙafa, yana murzawa da hannun dama a kan cinya. Hannun rigarsa na hagu a ɗaure yake daga gwiwa. Leɓensa ja da goro.

Suka gaisa har gajiya da iyali da damina. Sannan Sufeto ya ce, "Baba, jiya ka je Gwarzo?"

"Ban je ba."

"Yaushe rabonka da gidan Alhaji Sajo?"

"Na manta."

Sufeto ya miƙa masa ƙusar. "An bar wannan a kan tebur. Mai hannu biyu ba ya riƙe ƙusa da baki."

Hammadu ya karɓa. Ya juya ta a tafinsa, ya goge jan da babban yatsa.

"Ni na gasa wannan a wuta," ya ce. "Sau nawa tana karyewa kafin ta zauna."

Ya miƙe, ya shiga gida. Suka bi shi. Ya sa kofur ya hau rumbu, ya tona gero. Ƙunshin yana can ƙasa. Da aka kwance zanin, kan jirgin ya fito ba ko kwarzane. An ma shafa wa ƙafafunsa mai.

"Dam na nufa da shi," in ji Hammadu. "Na tsaya a bakin ruwa har inuwa ta yi tsawo. Na kasa jefawa. Rabin aikin nawa ne."

"Sayarwa za ka yi?"

"Me zan sayar? So nake kan ya zauna nan, tarago ya zauna can. In ba su haɗu ba, ba abin da za a matse."

"Ka taɓa gaya masa abin yana yi maka ciwo?"

"Yana kan jirgin ranar. Shi ya yi baya bai busa usur ba. Ina tsakani ina ɗaure ƙugiya. Me zan gaya masa wanda bai sani ba?"

"Marka ta san ka ɗauka?"

"Zaninta na ciro a igiya. Ka bar ta."

Kofur ya ciro ankwa. Ya kama hannun daman, ya tsaya yana neman inda zai maƙala ɗaya bakin. Sufeto ya ce masa ya mayar da ita aljihu.

Kafin su iso Gwarzo labari ya riga su. Mutane sun taru a harabar ofis. Akwai 'yan Hisba biyu a bakin ƙofa. Marka tana zaune a gindin darbejiya, ta rufe fuska da mayafi.

Sajo ya karɓi kan jirgin. Ya kusantar da shi ga idonsa, ya bi kowace ƙafa da yatsa, ya busa bututu. Bai dubi Hammadu ba.

Sufeto ya ja shi gefe, ya rage murya. "Baba, kayanka sun dawo lafiya. Surukinka ne. Hannu ɗaya ya rage masa. Da shi yake ci, da shi yake alwala. In na rubuta takardar kotu ranar Litinin, ni da kai ba mu da sauran iko. Ban san abin da alƙali zai gani ba. Ka janye."

"Ya shiga ɗakina ina masallaci."

"Ya shiga."

"Ya sa matata ta yi min ƙarya."

"Ka janye, Baba."

Sajo ya juya wajen jama'a, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ni ba mugu ba ne. Ya durƙusa nan, ya ce ya yi sata, ya ce in yafe masa. Ya ɗauki kan jirgin ya kai inda ya same shi, ya haɗa da kansa. Sai in janye."

Wasu suka ce ai an yi adalci. Marka ta taso, ta zube a gaban wanta, ta kama gefen rigarsa.

"Yaya, kalma ɗaya ce. Don Allah, don Annabi. Ka faɗa mu tafi gida."

Sufeto ya matso kusa da shi. "Baba Hammadu, ka faɗa. Ni zan yaga takardar ƙorafin a gabanka."

Hammadu ya ɗaga hannunsa, ya dube shi ciki da baya. Ya zare rigarsa daga hannun Marka a hankali. Ya juya ya fara tafiya wajen ɗakin tsare mutane, kofur yana binsa a baya.

A bakin ƙofar ya tsaya.

"Ba zan roƙe shi ba," ya ce.