Inda Hanyar Kekuna Ta Yanke

Labarin ya gama zaga benenmu kafin ya iso kunnen mai shi. Wai kullum da yamma ana ganin Zulhilmi a gaban kasuwar Bedok yana tura kekensa mai batir, Marlina na tafe a gefensa kamar matarsa.

Jikata Hidayu, mai kirana Nek wato kaka, ta shigo ɗakina da zoben baikonsa a tafin hannu, idanunta sun yi jawur.

"Nek, ya ce doka ce... wai babu yadda zai yi."

Ga bayaninsa. Hanyar kekuna da ta bi gefen magudanar ruwa tana yankewa a gaban kasuwa, ta koma ta masu tafiya a ƙasa. A nan dole mai keken batir ya sauka ya tura, in ba haka ba jami'ai su ci shi tara, ko su ƙwace keken da yake kai wa mutane abinci da shi. Marlina, 'yar mai sayar da shinkafar nasi lemak, ta gano haka, shi ne take tsare shi a wurin.

Ɗana Rosli, uban Hidayu, da ma bai taɓa son surukin da ke goye da jakar abinci ba. Ya ce a mayar da zobe kafin Juma'a. Matan bene suka ce ai namiji duk ɗaya ne. Su ne dai matan da suka rantse bara cewa batirin keke na hana haihuwa. Na tsufa ina koyar da kimiyya, ba na sayen labari a bakin da bai tashi daga kujera ba. Na ce da Hidayu ta wanke fuska, mu je mu gani.

Muka zauna a rumfar shayi da ke kallon wurin.

Marlina ta fito tana gyara mayafi. Jan bakin da ta shafa zai ishi mata uku.

Can sai ga shi, da hular kwano a ka. Daidai inda fentin hanyar ya ƙare ya sauka, ko taku ɗaya bai ƙara ba. Ta jera da shi tana ta zuba, shi kuma yana kallon tayar gaba kamar mai rakiyar gawa.

Hidayu ta damƙe hannuna.

"Kin gani, Nek? Ko kallonta ba ya yi."

Na ce na gani. Har na fara jin daɗin yadda zan kunyata matan bene.

Ya hango mu. Ya jingine keken, ya ƙaraso da sauri, Marlina ta sulale. Ya durƙusa gaban Hidayu a cikin mutane, yana kiranta rabin ransa, hasken idonsa, da sauran sunayen da samari ke arowa a wajen juna. Ya ce yanzu dai ta gani da idonta, dokar gari ce ta ɗaure shi. Ita kuwa sakaryar tana dariya tana kuka, har ta miƙa masa yatsa ya mayar da zoben.

Sai ta tsaya, ta kira shi yadda 'yan matanmu ke kiran saurayi.

"Abang... da kake goyo na zuwa gida, ba ta nan muke bi ba. Ta titin bayan kasuwa muke bi, ba ka sauka ko sau ɗaya."

Ya ce wancan ai titin mota ne, dokarsa daban.

"Wace doka?"

"Sai da hular kwano ake hawansa, masoyiyata."

Ta ɗaga ido ta dubi kansa. Ni ma na duba. Mai shayi ma ya ajiye butarsa ya duba.

Zulhilmi ya kai hannu ya taɓa hular, ya sauke hannun.

Hidayu ba ta yi ihu ba, kuma a ranar na fara ganin kamannina a fuskarta. Ta buɗe jakar abincin da ke bayansa, ta jefa zoben a ciki, ta zuge.

"Ka kai wa mai shi. Ka san hanya."

Ta tafi tashar bas ba ta waiwaya ba. Na tsaya na shanye shayina, na ɗan taɓa hira da mai rumfar, wanda idonsa ke kan wurin nan tun safe har magariba.

Titin bayan kasuwa ya fi kusa, kuma doka ba ta hana Zulhilmi bi ba. Ta can yake bi a da. In ji mai shayin, ya koma hanyar kasuwa ne a makon da Marlina ta fara tsaron rumfar uwarta.