Takarda Ta Ɗari

Takarda ɗaya tak ta rage mini. Casa'in da tara sun cika, saura ɗaya su zama ɗari, kuma washegari da ƙarfe takwas malamin da ke duba aikina yake son ganin su a kan teburinsa. Abin da ya kai ni Sabon Gari ke nan wata Laraba da yamma, ana yayyafi.

Sunana Dinatu. A lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bincike kan ra'ayin 'yan kallo game da finafinan dodanni, da na barkwancin soyayya inda ake aure tsakanin ƙabilu, da littattafan duniyar tatsuniya. Na sha ra'ayi har kunnena ya gaji. Wani makanike a Chikaji ya ce shi in dodo bai cinye mutum biyar ba kafin a kai rabin fim, to an cuce shi. Wata mai sayar da atamfa ta ce fim ɗin da Bayerabe zai je gaida surukansa Hausawa ya kwanta musu rub da ciki, shi ne maganin hawan jininta.

Bolanle, ƙawata da muke ɗaki ɗaya a Hayin Dogo cikin Samaru, ta ce in zauna in cike ta ƙarshen da hannun hagu kamar yadda kowa yake yi.

"Wa zai sani? Ko ki ba ni in sake cikewa, ni ra'ayi gare ni kamar ƙasa."

Ba ƙarya ta yi ba. Bolanle ba ta taɓa kallon fim bakinta a rufe ba, tana faɗa wa jaruma ta gudu, tana zagin saurayi. Ni kuwa 'yar mai wa'azi, na ce ba zan ƙirƙiri mutum ba. Da na sani ƙeya ce.

Kowace takarda tana da ɗan yanki a ƙasa mai ɗauke da sunana, da lambar wayata, da kwatancen ɗakinmu. Dokar sashenmu ce, duk wanda ya amsa maka tambayoyi ka yage yankin ka ba shi, ko zai neme ka da ƙarin bayani. Ni da iyayina har na ƙara layi ɗaya a ƙarƙashi: "Ƙofa a buɗe take kowane lokaci."

Gidan kallon Oga Amaechi wani tsohon sito ne kusa da layin dogo. Shi Amaechi a Sabon Gari aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Tun zuwana na farko ya ce mini, "Tambayi wanda kike so, ƙanwata. Amma bencin baya, ki bar shi." Na kuma lura kullum kafin a fara fim yakan yagi tikiti ɗaya ya ajiye a kan bencin nan, ya danne da ɗan dutse. Na ɗauka wani babban mutum ake kama wa wuri.

Ran nan fim ɗin wani dodon fadama aka nuna. Yana ƙarewa aka fara kiran magariba, ruwa kuma ya ƙaru. Mutane suka yi ta turereniya a ƙofa. Waɗanda na tare duk sun riga sun cike mini, sauran suka ce sauri suke yi. Amaechi ya zagaya baya wajen janareta.

Na juyo cike da takaici, sai na ga mutum ɗaya a bencin baya.

Dattijo ne, sanye da tsohuwar kwat irin ta ma'aikatan jirgin ƙasa na da. Hannuwansa a kan gwiwa. Yana kallon allon, ko da yake ba abin da ya rage a kai sai sunaye suna hawa sama. Na tuna maganar Amaechi sarai, ba zan ce na manta ba. Amma na tuna ƙarfe takwas na safe.

"Barka da yamma, Baba. Ɗaliba ce ni. Ko zan iya jin ra'ayinka kan fim ɗin nan?"

Bai juyo da sauri ba. Wani wari ya buge ni, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ra'ayina," ya ce a hankali. "Ba a taɓa tambaya ta ba. Zauna."

Na zauna a gefen bencin. Katakon a jiƙe yake, da sanyi kamar randa. Na ce rufin ne yake yoyo. Na buɗe takarda, kuma don kada in manta, na fara yage yankin ƙasan na miƙa masa kamar yadda na yi wa mutum casa'in da tara. Ya karɓa da yatsu biyu. Ya karanta. Ya daɗe yana karantawa.

"Yaya ka ga dodon fim ɗin?"

"Ƙarya ce. Gurnani ya yi masa yawa. Mai cin mutum ba ya shela."

Na yi 'yar dariya, na rubuta. Muka ci gaba, tambaya bayan tambaya.

"Finafinan auren ƙabilu fa, Baba?"

"Ina son su. Baƙo ya zo gida, a ƙi shi, a kore shi. Daga baya a buɗe masa ƙofa. Kullum sai an buɗe."

"Littattafan duniyar tatsuniya?"

"Masu rubuta su ba su taɓa zuwa can ba. Haske ya yi yawa a cikinsu."

Biro ya tsaya a hannuna. Sai a lokacin na lura muryar ba daga bakinsa take fitowa ba. Leɓensa yana motsi, amma maganar daga ƙarƙashin bencin take tasowa, tana bi ta ƙafafuna.

Hasken allon yana kan bango, yana kan takardata, yana kan hannuna. Ba ya kan dattijon.

"Kin san babban kuskurensu?" ya ce. "A fim, mutum ya gudu, dodo ya bi shi. Wauta ke nan. Don me zai bi shi? Ya riga shi zuwa gida mana, ya zauna ya jira."

Janareta ya mutu.

Duhu. Ruwa a kan kwano. Ɗis, ɗis, a ƙarƙashin bencin.

"Saura tambaya ɗaya," in ji muryar.

Na san tambayar, ni na rubuta ta: Da kai ne ka shirya fim ɗin, yaya za ka ƙare shi?

Ban yi ta ba. Na zabura, na yi karo da benci biyu, na faɗa waje. A bakin ƙofa na ci karo da Amaechi riƙe da tocila. Ya kalli fuskata, ya haska bencin baya. Ba kowa. Sai ruwa kwance a kan katako, da dutsen, ba tikiti.

"Kin yi masa magana."

Na gyaɗa kai.

"Kin ba shi wani abu?"

"'Yar takarda ce kawai, mai sunana da kwatancen ɗakinmu."

"Chineke! Wayyo Allah! Dinatu, tun zamanin babana yake zaune a bencin nan. Muna ba shi tikiti, yana kallo, bai taɓa kowa ba. Kin san dalili? Ba wanda ya taɓa gayyatar shi wani wuri." Ya yagi tikiti daga littafinsa, ya cusa mini a tafin hannu, ya dunƙule yatsuna a kai. "Ki ba shi wannan, ki karɓo takardarki. Gayyata ce take maye gayyata. Kuma duk abin da ya rage ba ki tambaye shi ba, kada ki tambaya. Wa ke ɗakinku yanzu?"

Na riga na fara gudu.

Na sami bas ɗin Samaru a PZ, mutum biyu suka rage ta cika, kuma direban ya rantse ba zai tashi ba sai sun zo. Na kira Bolanle. Ta ɗauka da fara'arta.

"Ke Dinatu, ina kika tsaya ne? Baƙonki ya zo tun ɗazu."

"Wane baƙo?"

"Wani baba mai kwat. Ya nuna mini takardanki. Ruwa ya jiƙa shi sharkaf, na ce ya shigo mana, na ba shi kujera. Ke, baban nan ya san fim! Ya ce ba ki ƙarasa masa tambayoyi ba, shi ne na ɗauko wata takarda a jakanki muka fara daga farko, in taimake ki."

Ko minti goma ba a yi ba da na baro gidan kallon. Tafiyar kusan rabin awa ce a mota.

"Bolanle, ki ajiye takardar. Ki fita waje. Kina ji na?"

"Me? Ba na jin ki, ruwa ya yi ƙarfi."

Wayar ta katse. Na sake kira, shiru.

Na sauka daga bas ɗin na tare ɗan acaɓa. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, bai yi ciniki ba. Muka wuce Kwangila ruwa yana dukan idona. Ina lissafi a zuci: tambaya goma sha biyu ce, Bolanle kuma kowace tambaya sai ta kawo nata ra'ayin ta yi gardama. Ban taɓa gode wa Allah da surutun yarinyar nan ba sai ran nan. Ina ta cewa, Ubangiji, ka sa ta yi musu. Ka sa ta ba shi labarin fim gaba ɗaya.

Layinmu ba wuta. Warin masarar da ake gasawa a bakin hanya ya bi ni har ƙofar gida, daga nan ya yanke.

Warin rijiya.

Ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinmu.

Na tura.

Kyandir ɗaya a kan tebur. Bolanle a bakin katifa, takarda a cinyarta, ƙafafunta cikin ruwa har idon sawu, ba ta ko sani ba. Fara'ar nan babu ita. Idonta a kafe, muryarta a daskare kamar mai karatu a aji.

Shi kuma yana kan kujerata. Harshen kyandir ya karkata, yana gudun inda yake.

"Tambaya ta goma sha biyu," in ji Bolanle. "Da kai ne ka shirya fim ɗin, yaya za ka..."

Na faɗa kanta, na toshe mata baki. Leɓenta ya ci gaba da motsi a cikin tafina.

Kujerar ba ta yi ƙara ba. Ya miƙe. Ya yi ta miƙewa. Kansa ya taɓa silin, ya lanƙwaso ta samanmu. Ruwa mai sanyi ya ɗigo mini a wuya.

Na ɗaga ɗaya hannun da tikitin, ban kalli sama ba.

"Baba," na ce. "Oga Amaechi ya ce gobe akwai sabon fim. Wurinka yana nan."



"Na dodo ne?"

"Na dodo ne."

"Za su sake yin kuskure."

"Za su yi, Baba. Sai ka zo ka gani."

Na ji an zare tikitin daga yatsuna. Wani abu mai laushi, jiƙaƙƙe, ya maye gurbinsa. Muryar ta taso daga ruwan da ke ƙafafunmu.

"Ta yi rabin tambaya. Na ba ta rabin amsa."

Harshen kyandir ya miƙe tsaye. Ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Bolanle ta saki jiki ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Yankin takardar yana hannuna, tawadar duk ta wanke, sai layin da na ƙara da iyayina ne ya rage.

A daren muka kwashe kayanmu zuwa gidan wata 'yar cocinmu a Bomo. Casa'in da tara na kai wa malamina. Ya yi faɗa, ya rage mini maki, na ce na gode.

Shekara huɗu ke nan. Bolanle ba ta ƙara yin magana a gaban fim ba, kuma ba ta ƙara kallon wani har ƙarshe ba. Saura minti goma sai ta tashi ta fita. Na taɓa tambayarta me ya faɗa mata. Ta ce, "Rabin da na ji ya ishe ni." Wani lokaci cikin barci takan fara karanto tambayar nan, a hankali, kalma bayan kalma. Duk zamanmu tare, da kunne ɗaya nake barci. Ranar aurenta, mutane suna ba angon shawarar haƙuri da zaman lafiya, ni abu ɗaya na ja shi gefe na faɗa masa: in ta fara tambaya cikin barci, ya tashe ta kafin ta kai ƙarshe. Ya yi dariya. Bayan wata biyu ya kira ni, ba dariya a muryarsa.

Ni na jawo mata, kuma ba ranar da ba na tunawa.

Jiya da yamma Oga Amaechi ya kira ni. Ya ce mai siton ya sayar da wurin, za a rushe a gina shaguna. Ya nemi wani wuri bai samu ba. Ya ce ya ga ya kamata in sani, tunda daga ni sai Bolanle ne muka taɓa buɗe masa ƙofa.

Ranar Asabar za a yagi tikiti na ƙarshe.

Yau Alhamis.