Hannun Hagun Verna

"Ba a shagona ba!" Baba ya ture kwalin faifan waƙar da ɗan yatsa. "Shekara sittin gidanmu na Pruski na yi wa coci-cocin garin Toledo tagogi. Hoton waliyyai muke yi, Halina, ba mawaƙan gidan rawa ba!"

"Baba, mahaifiyarsa ce fa..."

Desmond na tsaye bakin ƙofa cikin kayansa na kanikanci, kai a sunkuye. Wata uku ke nan da ya nemi aurena, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa ba zan yi aure ba sai da yardarsa, don shi kaɗai ya rage mini.

Na ɗauki kwalin. Faifai ɗaya tak Verna, mahaifiyar Desmond, ta fitar, ta rasu yana da shekara huɗu. Ga ta a bangon kwalin, zaune kan matakala cikin jar riga, jita a cinya, rana na faɗuwa bayanta. Kai, matar nan ta haɗu! Desmond so yake a mayar da hoton tagar gilashi mai launi a kicin ɗin mahaifinsa, Baba Lionel, kafin tsohon ya cika saba'in.

"Ni zan yi, da hannuna," na ce.

"Ga teburi nan. Kada dai ki taɓa jan gilashina."

Washegari na tarar da jan gilashin a kan teburina. Baba ya yi kamar bai san zancen ba.

Mako shida na yi. Gilashi mai gargada ta baya ake yanka shi, saboda haka dole a kifa takardar zanen, a yi aikin a juye. Wannan ne darasin farko da Baba ya koya mini. Na biyu kuwa, a kusurwar kowace taga 'yan gida kaɗai ke karta sunansu.

Kullum da azahar Desmond zai zo da kofi, ya ɗora faifan.

"Yatsunki duk filasta, rabin raina..."

"Naka duk baƙin mai, wa ya yi maka gori?"

Da muryar Verna ta tashi sai Baba ya fice, wai gilashi zai duba a sito.

Ranar ɗora tagar ya biyo mu, a cewarsa don kada mu fasa masa gilashi. Muka kafa ta, na ja da baya na duba. Jar rigar ta kama wuta da hasken rana, kicin ɗin duk ya yi ja da ruwan zuma. Amma wuyan jitar ya koma ɗaya ɓangaren. Verna ta zama bahaguwa!

Ashe takardar ba a kife take ba, idona ne ya saba da kwalin ban lura ba.

"Na shiga uku, Desmond! A gaban Baba..."

Ban rufe baki ba Baba Lionel ya shigo yana dogara sanda. Ya tsaya cak, ya daɗe yana kallo, sai ga hawaye.

"Wa ya gaya muku?"

"Ka yi haƙuri, Baba Lionel, kuskure..."

"Kuskuren me, 'yata? Bahaguwa ce! Masu buga kwalin ne suka juya hoton, wai ya fi kyau haka. Ranar da ta gani har kuka ta yi." Ya shafa gilashin. "Ga ki nan, Verna. Yau dai ga ki."

Desmond ya riƙe hannuna gam. Shi ma bai taɓa sani ba.

Babana ya yi gyaran murya. "Ni na juya takardar."

"Kai, Baba?!"

"Ita ta yi waƙa ranar da na fara rawa da mahaifiyarki. Ina gaba-gaba, na ga hannun da take kaɗawa da shi." Ya kawar da kai. "Ba raina ta na yi ba, Halina. Muryar ce ba na iya ji ban tuna uwarki ba."

Ban taɓa son Baba kamar wannan lokacin ba. Na faɗa jikinsa ina kuka.

"To ya isa, kin jiƙa mini riga."

Ya zaro alƙalamin karta gilashi daga aljihu, ya durƙusa ya rubuta sunansa a kusurwa, ya ba ni na rubuta nawa. Na miƙa masa zai mayar aljihu, sai ya dakata, ya juya wajen Desmond.

Desmond ya goge hannu a wando. "Yallaɓai, ai 'yan gida ne kaɗai..."

"Ni za ka koya wa dokar gidana? Karɓi, ɗana. Ka rubuta kusa da nata."