Hoton Baba a Tsaye

"Sake faɗa... ban ji ba."

"Kin ji, Zuciyata. So kike ki ji sau biyu."

Auta ta danne wayar a kunne, ta juya wa injin buga takardu baya saboda ƙararsa. Shagon da take aiki ɗan tsukuku ne, tebur biyu, kwamfuta ɗaya, sai warin tawada.

"Na ce na ci jarrabawar ƙarshe," in ji mijinta. "Ranar ashirin ga watan jibi za a ba mu shaida. An yarje wa kowa ya gayyaci mutum ɗaya. Sunanki na rubuta."

Ba ta san lokacin da ta zauna a kan kwalin takardu ba.

Kwana goma sha tara suka yi tare bayan aurensu, ya tafi wata ƙasa mai nisa koyon gyaran injin jirgin ruwa. Shekara biyu ke nan ba kaɗan. Ita kuma ta koma gidan iyayenta da zama. Har yau Ango ake ce masa a gidan, don a cewar Inna bai zauna ya tsufa a idonsu ba.

"Amarya, kina nan?"

"Ina nan... kuka nake."

"To yi a hankali, kada ki jiƙa takardun mutane."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. "Kuɗin jirgin fa?"



"Shi ne babu. Abin da na tara na dawowata ne kawai. Na rubuta sunanki ne don ki san ke na zaɓa, ko da kujerar za ta zauna ba kowa."

"Ba za ta zauna ba kowa ba."

"Zuciyata..."

"Na gaya maka. Kai dai goge takalminka."

Da rana Yaya ta biyo shagon, babbar yayarta mai sayar da yadi a bakin titi. Auta ta rungume ta tun daga ƙofa, ta zazzage mata labarin a numfashi ɗaya.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Yaya. "Yanzu kowa a waya yake rubutawa, dangi da abokai su haɗa masa. Zauna ki buga."

Auta ta buga: Ina neman taimako in je bikin gama karatun mijina.

Yaya ta leƙa, ta taɓe baki. "Wa zai ba ki guminsa ki je yawon soyayya? Cire mijin."

"In cire shi? Shi ne fa tafiyar."

"Rubuta tafiyar gaggawa ta iyali. Ba gaggawa ba ce?"

"Gaggawa ce..."

"Shi ba iyali ba ne?"

"Iyali ne."

"To ina ƙaryar? Sa hoto."

Suka shiga laluben hotunan wayar. Yaya ta tsaya a kan guda. Baba ne zaune a kujera, ƙafarsa naɗe da farin bandeji, Auta durƙushe gefensa riƙe da hannunsa. An ɗauka ne watan jiya, ranar da katako ya faɗo masa a shagonsa na kafinta. Ƙafar ta warke tuni.

"Wannan," in ji Yaya.

Auta ta ƙura wa hoton ido. Aikinta ne. Duk mako sai ta shirya wa wani takardar neman taimakon marar lafiya: hoto a sama, magana kaɗan a tsakiya, lambar asusu a ƙasa. Ta san yadda ido yake karanta irin wannan takarda.

Sai ta tuna kujerar da aka rubuta wa sunanta.

Ta sa hoton a sama. Ta sa lambar a ƙasa. Ba ta rubuta ƙarya ko ɗaya ba, ta kuma san abin da kowa zai fahimta. Ta tura wa dangi, ta tura wa waɗanda suka yi makaranta tare, ta tura wa 'yan layinsu. Baba ba ya riƙe irin wannan waya. Ba zai gani ba.

Kafin ta rufe shago wayar ta fara ƙarar shigowar kuɗi. Ta ƙara a hanya, ta ƙara a ƙofar gida. Auta na tafiya kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. A ranta har ta zaɓi rigar da za ta sa, har ta ga Ango yana waigowa daga cikin layin ɗalibai yana nemanta da ido.

Washegari da rana ta kai wa Baba abinci shago.

Tun daga kwanar layi ta hango mutane. Wasu a kan benci, wasu a tsaye, kowa da leda a hannu. Lemo, ayaba, har da mai kwalin madara. A tsakiyarsu Baba yana tsaye kan ƙafafunsa biyu, yana feƙe ƙyauren ƙofa, garin katako har gira.

"Na ce muku lafiyata ƙalau," yake cewa. "Wa ya mutu ne?"

"Kafinta, ka daina ɓoye mana," in ji Mai Walda, abokinsa na shekara arba'in. "Girman kanka zai kashe ka. Yaushe za a fita da kai?"

"A fita da ni ina?"

Mai Walda ya ciro waya ya miƙa masa.

Baba bai yi nisa a karatu ba, amma ya san fuskarsa. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya sa aka karanta masa abin da ke ƙasa. Sannan ya ɗaga kai, idonsa ya sauka kan Auta da kwanon abinci a hannu.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye abin aikinsa, ya kakkaɓe hannu.

"Na gode da zuwa. Ku sha lemonku, akwai zafi." Ya dubi Auta. "Wuce mu je gida."

Suna shiga tsakar gida wayarta ta yi ƙara. Ango ne.

"Ɗauka," in ji Baba. "Ki buɗe muryar."

Ta danna.

"Zuciyata, me ya sa ba ki gaya min ba?" Muryarsa a rikice take. "Ɗan kawunki ne ya turo min yanzu. Ƙafar ce ta tashi? Saurara, na turo miki duk abin da na tara. A kai Baba inda ya kamata."

"Na dawowarka...?"

"Dawowata ta jira. Zan nemi aikin dako a tashar jirgin ruwa, wata shida ko bakwai na sake tarawa. Baba ya fi."

Kwanon ya kuɓuce daga hannunta.

Wata bakwai. Ita da ke ƙirga kwanaki a bayan ƙofar ɗakinta.

"Baba lafiyarsa lau," ta ce da ƙyar. "Ga shi tsaye a gabana. Ni ce... kuɗin jirgi nake nema in zo wurinka. Na sa hotonsa don a tausaya."



"Har da ni a cikin waɗanda za su tausaya?"

"Ban zaci za ka gani ba, wallahi..."

"Shi ya fi min ciwo," ya ce a hankali. Ya kashe wayar.

Auta ta durƙushe ta fashe da kuka. Inna ta fito daga kicin, Yaya na biye da ita. Yaya na ganin fuskar Baba ta fara ja da baya.

"Tsaya nan, mai shawara," in ji Baba. Ya jawo kujera, ya fasa zama, ya tsaya. "Auta, duba wayarki. Maƙwabciyarmu mai wanki ta turo kuɗi?"

"Ta turo..."

"Kin san hannunta? Kin ga yadda sabulu ya cinye shi? Ƙafata ta ba, ba ke ba. Da ta san yawo ne, wataƙila ta ba ki, wataƙila ta hana. Ke kika ƙwace mata zaɓin."

"Na tuba, Baba. Na san ba ka son roƙo..."

"Wa ya gaya miki?"

Ta ɗago kai.

"Na taɓa roƙo. Sau ɗaya."

Inna ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi.

"Ina yaron shago, ko takalmin kirki ba ni da shi. Aka mayar da mahaifin Innarku aiki wani gari, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa. Na hau kan bencin aiki, na ce wa mutanen shago: akwai yarinyar da nake so, in ban je na gan ta ba wani zai riga ni. Ba ni da lafiyayyen dalili sai wannan. Mai bayarwa ya bayar."

"Suka ba ka?" Yaya ta tambaya.

"Suka yi min dariya kwana uku. Mutum huɗu suka bayar, bakwai suka hana. Ban ji haushin bakwai ɗin ba, kuɗinsu ne. Mai Walda na cikin huɗun."

"Ya iso min da wuya duk baƙin hayaƙi," in ji Inna, "da ɗan madubi da ya yi wa firam da hannunsa."

"Ba a tambaye ki ba."

"Yana nan a ɗakina."

Baba ya yi gyaran murya. Ya gyara wuyan rigarsa, ya je tsakiyar gida inda rana ta fi haske, ya miƙe ƙyam.

"Ɗauke ni hoto. A tsaye. Ƙafafun su fito."

Auta ta share ido ta ɗauka.

"Rubuta abin da zan faɗa. Ni kafinta lafiyata lau, ga ni. 'Yata ta sa hotona ba da sanina ba, ta yi kuskure. Mijinta take so ta je ta gani, ba wani abu ba. Za a mayar wa kowa abinsa yau. Wanda ya ga zai bayar bayan ya ji gaskiya, mun gode. Wanda bai ga dama ba, babu komai tsakaninmu."

"Baba, in rubuta har da... mijinta take so?"

"Ƙarya ne?"

"A'a."

"To rubuta. Na mijinki ki fara mayarwa."

Ta mayar. Na nesa ta tura musu ta waya, na kusa Baba ya ce ƙafa za ta kai. Shi a gaba, ita a baya, Yaya ɗauke da ledojin lemon da za a mayar. Gwaggonsu ta karɓi nata ta ce 'ya'yan zamani ba su da ta ido. Wani ya karɓa bai ko dube su ba. Auta ta ce ya yi haƙuri.

Mai wanki ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta raba biyu.

"Wannan na sabulu ne, ba zan iya ba. Wannan kuwa ki je ki ga mijinki. Da nawa yana inda jirgi ke zuwa, da tuni na tafi."

Mai Walda ya ƙi karɓa sam. "Na biya wa ubanki, ga sakamakon tsaye a gabana. Wannan jarin bai taɓa faɗuwa ba."

Da yamma wayar ta yi ƙara. Auta ta ruga ɗaki.

"Na ga hoton Baba," in ji Ango. "Kamar soja."

"Ka yafe min?"

"Na yi fushi, Amarya. Awa uku cur. Na gaji."

"Ba zan ƙara ba, Rabin raina..."

"Na sani. Amma akwai layin da na karanta sau goma. Mijinta take so. Gari duk ya ji."

"Baba ne ya sa ni."

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya."

Abin da ya dawo bayan gaskiya bai kai kuɗin jirgi ba. Baba ya tashi. Ya je ya karɓi aikin bencin wata makaranta da ya ƙi a da, ya miƙa wa Auta takardar goge katako. Mako biyar, in ta tashi daga shago sai ta wuce nasa, ta goge, ta shafa fenti. Yaya ma an ba ta burushi, ba ta isa ta ƙi ba.

Ranar ashirin ga wata, a wani babban zaure cike da baƙin fuskoki, Auta ta sami kujerar da aka liƙa wa sunanta. Ta zauna.

Ɗalibai suka shigo a layi. Na bakwai ya waigo yana laluben kujeru da ido. Ya rame, ya yi gemu, takalminsa na sheƙi.

Ya gan ta.

Da aka tashi bai jira hoto ba, ya ratso mutane ya kama hannayenta biyu. Sai ya tsaya, ya juya tafin, ya shafa kantar da ta fito, da ragowar fenti a gefen farce.

"Zuciyata... menene wannan?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ragowar kuɗin jirgi ne."

Ya ɗora tafin a kan fuskarsa, ya daɗe bai saki ba.