Ƙofar da Salahuddeen Ya Kulle a Kibiya

Bayan la'asar Salahuddeen ya baro Rano a kan babur. Hajiya Barira, mai wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a Kibiya, ita ta kira shi. Wani yana shigar musu suwic, akwatin nan da wayoyin kwamfutocin duka suke haɗuwa, yana sauya saiti. Gobe kuma ɗalibai ɗari biyu za su zauna jarrabawa. So take a sa wa suwic ɗin suna da kalmar sirri, kada kowa ya ƙara shiga sai shi.

Taya ta yi masa faci a hanya, bai isa ba sai da rana ta yi ja. Ya tarar da maigadi, Malam Ishiyaku, yana alwala.

"Ka bari sai da safe mana, ɗana. Ba a shiga ɗakin nan da almuru."

"Minti goma ne, Baba. Zan same ku a masallaci."

Ɗakin ƙarami ne, ba taga. Warin waya mai zafi, gurnanin fanka, sai ƙananan fitilun suwic, kore shar, suna ƙyaftawa. Ya jona kwamfutarsa. Ya sa sunansa, ya zaɓi kalmar sirri, ya saita cewa duk wanda ya yi kuskure sau uku, a rufe masa. Sannan ya duba a allo ko akwai wanda yake cikin suwic ɗin.

Layi biyu ya gani. Nasa, da wani marar suna. Lokacin shigar wancan, shekara arba'in da suka wuce.

Ya kore shi. Layin ya dawo. Ya sake. Ya dawo.

Fanka ta tsaya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali ba damina ba. Hannunsa ba ya kan madannai, amma haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ce ka kulle?"

Ya fizge wayar wutar suwic ɗin. Fitilun ba su mutu ba.

"Hanyarmu ce. Kun yi gini, mun yi shiru. Yanzu kuma ƙofa?"

Ƙofar ɗakin ta rufe a bayansa, a hankali. Ya zabura ya murɗa hannun ƙofar. Ko motsi.

Allon ya share kansa, ya bar tambaya biyu: suna, kalmar sirri. A zatonsa in ya amsa za a buɗe masa. Ya rubuta da sauri, ya yi kuskure. Ya sake, ya sake kuskure.

Fitilun suka fara mutuwa daga hagu.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

"Saura ɗaya," aka raɗa masa, da muryarsa. "Rubuta a hankali."

Sai a lokacin ya gane. Kalmar suke jira.

Ya janye hannu, ya fara Ayatul Kursiyyu. Harshe ya yi nauyi.

Wasu yatsu dogaye suka hau kan nasa.

Suka danna.

Ya ƙwalla ihu. Ƙofa ta bugu da bango, Malam Ishiyaku ya finciko shi ta kwala yana a'uziyya da ƙarfi. Abu na ƙarshe da ya gani a allon, kalma biyu ne: an karɓa.

Jarrabawa ta tafi lafiya lau. Shi kuwa kwanansa tara yana zazzaɓi a ɗakin mahaifiyarsa, tana yi masa tofi. A rana ta goma Hajiya Barira ta bugo.

"Aiki ya yi kyau, Salahuddeen, Allah ya yi albarka. Sai dai me kake nema a suwic ɗin kullum da magariba? Sunanka muke gani."

Ya buɗe baki zai ce a sauya kalmar. Ya laluba kansa, ya sake lalubawa.

Ko harafi ɗaya bai tuna ba.