Gahawar da Ta Huce a Gidan Abu Fawwaz

Ranar da Nayif ya fara ganin Wijdan, daga kwance ya gan ta, ƙafafunsa a kan kujera.

A garin Karak ne, zamanin da waya ba ta iya komai ba sai kira da saƙo. Ni ya kawo asibiti a bas ɗinsa na haya, ni kawunsa Abu Hazza, don a wanke mini tsohon raunin da ke buɗewa duk lokacin sanyi. Guntun ƙarfe uku na kwaso daga yaƙi, an cire biyu, na uku ya ce shi da ni sai kabari. Wijdan tana shekararta ta ƙarshe a makarantar jinya. Tana ɗaga bandeji, ni ko ido ban ƙifta ba, sai muka ji tim! Nayif, ƙato mai gashin baki, ya zube.

Da ya farfaɗo, fuskarta ya fara gani tana yi masa fifita da katin asibiti.

"Sannu Jarumi," ta ce. "Cikinku wane ne majinyacin?"

"Santsi ne ya kwashe ni."

"Haka ne. Busasshen siminti akwai santsi."

Raunin nan kwana goma yake yi ya kame. A shekarar sai da Nayif ya ja shi wata biyu. Kullum da safe yana ƙofata: "Kawu, kamar ka fara ɗingishi." Ni da na yi tafiyar kwana biyu da ƙarfe a cinya!

Daga nan saƙo ya kankama. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da aka karanta mini sau ɗaya ya zauna ke nan, shi kuwa yaron ba ya iya riƙe daɗi shi kaɗai, sai ya karanta mini.

"Hasken idona, yau na wuce ƙauyenku sau huɗu, ko fasinja ɗaya babu."

"Jarumi, man fetur ba ruwan rijiya ba ne. Amma na ji hon ɗin, duka huɗun."

Abu ɗaya ne ke hana Nayif sakewa. Akwai Marwan, ɗan baffanta, mai kantin magani da mota sabuwa, wanda ba ya rabuwa da zauren mahaifinta, Abu Fawwaz.

Sati biyu da ta karɓi takardar gama makaranta, saƙo ya shigo masa yana tasha.

"Na sa hannu yau, Baba ne shaida. Ka yafe mini, tsoro na ji kada ka hana ni. Ba za ka same ni a waya ba."

A wurinmu, budurwa ta ce ta sa hannu ubanta na shaida, ai an gama, takardar ɗaurin aure ke nan. Nayif ya karanta sau uku, ya ga Marwan a kowane harafi. Ya rubuta mata, "Allah ya ba da zaman lafiya," ya koma jigilar fasinja a layin Aƙaba mai nisa, ya hana kowa ambaton sunanta a gabansa. Girman kan nan ba a ɓangarenmu ya gado shi ba, na ubansa ne.

Wata biyar ya yi yana ramewa. Da sanyi ya dawo, raunina ya buɗe, na ce wannan karon asibitin soja zai kai ni, inda ake sanin darajar irina. Muna zaune aka kira sunana, labule ya buɗe, sai ga Wijdan cikin kaki, anini ɗaya a kafaɗa.

Ta ƙame ta sara mini. Shi kuwa ko kallo bai samu ba.

"Ya maigidan?" Nayif ya ce, murya kamar ta ɗan akuya.

"Wane maigida?"

"Marwan. Ba kin sa hannu ba?"

Ta ajiye almakashi a hankali. "Takardar shiga soja na sa wa hannu. An karɓe mana waya a sansanin horo. Wata huɗu ina rarrafe a tsakuwa ina tunaninka, na fito na kunna waya, na tarar ka yi mini addu'ar zaman lafiya da sajan-manjo!"

Nayif ya lalubi bango.

"Kujera na bayanka, Jarumi. Yau ba ni da lokacin fifita."

Da a ce nan aka tsaya, da labarin ya yi sauƙi. Amma mahaifinsa, Abu Nayif, ya ce atafau. Shi ba zai kawo surukar da za ta riƙa ƙamewa gaban mazan wasu ba, yau a tura ta arewa, gobe hamada. Da ƙyar ya yarda a je neman auren, ni kuma aka sa gaba. Wa za a sa? Neman aure talatin da tara na jagoranta, ba a taɓa barin gahawata ta huce ba.

Muka je mu hamsin bayan la'asar. Aka zuba gahawa a finjali aka miƙo mini, na ajiye ta a gabana ban kurɓa ba, kamar yadda aka saba, sai an biya bukata. Na yi jawabi, irin wanda har yau ake maimaitawa a Karak. Abu Fawwaz ya buɗe baki zai ce mu sha, sai Abu Nayif ya tari numfashinsa.

"Da sharaɗi ɗaya. Ta tuɓe kakin kafin ta shigo gidana."

Abu Fawwaz ya gyara zama.

"Da hannuna na yi mata shaida, Abu Nayif. Ba na ba da rabin 'ya. Gahawa tana nan, ba ta gudu."

Ina kallon tururin finjalina yana raguwa. Nayif na can ƙarshen layi, inda ango ke zama kamar kurma. Wayarsa ta motsa a aljihu. Saƙon Wijdan ne, daga ɗakin mata.

"Jarumi, ba zan cire kaki ba, kai ma ba zan cire ka ba. Ka san yadda za ka yi. In za ka suma, bari sai an sha gahawa."

Sai ga yaron nan ya miƙe a gaban dattawa hamsin.

"Baba, ka gafarce ni. Sau ɗaya na rasa ta saboda ban yi tambaya ba. Ba zan sake rasa ta saboda na yi shiru ba. Da kakinta nake son ta."

"Zauna, marar kunya!" in ji Abu Nayif.

Bai zauna ba. Kuma bai faɗi ba.

Nan na ga lokacina ya yi. Na yaye rigata har cinya, abin da ban taɓa yi a zauren mutane ba.

"Duba nan, Abu Nayif. Ranar da aka kwaso ni daga bakin kogi, wata nas ce mai kaki ta danne jijiyar nan da yatsanta, tun daga tanti har asibitin garin Salt, mota na tsalle, ba ta ɗaga ba. Ko sunanta ban sani ba. Da surukinta ya tuɓe mata kaki, wa zai ba ka auren ƙanwata? Wa zai haifa maka wannan da ke tsaye?"

Abu Nayif ya daɗe yana kallon tabon. Ya kalli ɗansa. Ya ja gemu.

"Rufe cinyarka, Abu Hazza, mun gani. Na janye."

"Ku sha gahawarku," in ji Abu Fawwaz. "Mun ba ku."

Guɗa ta ɓarke daga ciki. Aka zo za a canza mini finjali da mai zafi, na riƙe nawa gam. Wannan ce aka sha wahala a kanta, ita zan sha. Na shanye ta da sanyinta da ɗacinta.

Da bazara aka yi biki. Raguna ashirin aka dafa mansaf da su, shinkafa da nama irin ta bikinmu, abokan aikinta suka zo cikin kaki suka yi layi biyu, ango ya ratsa tsakiya yana gumi. Abu Nayif da kansa ya riƙa jan baƙi yana nuna ta: "Surukata ce, laftanar ce."

Yanzu aninin ya ƙaru, 'ya'ya huɗu, kuma duk lokacin sanyi ita ke wanke mini raunin, Nayif na jira a waje da fuskarsa a bango. Allah ya ƙara musu zaman lafiya, wannan karon da ainihin mai ita, ya raya zuriyarsu.

In aka tambaye ni sau nawa gahawata ta huce a neman aure, cewa nake sau ɗaya cikin arba'in. Kuma ita kaɗai nake tuna ɗanɗanonta.